Yabon Gwani Ya Zama Dole: Gaisuwa Ga Kamfanonin Faifai

Makaɗan ƙasar Hausa ba su rage kowa ba wajen wasawa. Narambaɗa ya wasa sarakuna har da dokin da suke hawa. Ɗan Anace ya wasa 'yan dambe. Shata ya wasa direbobi da attajirai da 'yan siyasa, Ɗanmaraya Jos kuma ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙar da ta fi ta wasu hakimai daɗewa a bakin jama'a. Amma akwai waɗansu manya da suka ci arzikin kiɗa fiye da duk wanda aka taɓa wasawa, har yau kuwa babu maroƙin da ya buɗe baki ya ba su haƙƙinsu. Kamfanonin faifai nake nufi: EMI da Decca da Philips da suka yi zamaninsu a Legas, da 'yan'uwansu Columbia da RCA da Capitol na Amurka. Ranku ya daɗe, ga gaisuwa daga Zinyau ta ƙasar Rano, inda aka yi shekaru ana sayar da gyaɗa a sayi batir don a ji muryoyin da kuka mallaka. Ku gwanaye ne, kuma duk abin da zan lissafa na gwanintarku yana nan rubuce a tarihi, ba ƙarin gishiri.

A fara da kunne, tunda da shi kuke cin abinci. Ranar 1 ga Janairun 1962 wasu samari huɗu 'yan Liverpool suka shiga ɗakin ɗaukar murya na Decca a Landan, suka yi waƙoƙi 15. Manyan kamfanin suka saurara da wannan kunne mai albarka, suka ce a kai kasuwa. An ruwaito cewa an shaida wa manajan yaran, Brian Epstein, wai yayin ƙungiyoyin masu jita ya kusa wucewa. A ranar an gwada wata ƙungiyar, Brian Poole da Tremeloes, kuma ita aka ɗauka. Cikin dalilan da ake bayarwa har da cewa su 'yan kusa da Landan ne, ɗawainiyar zuwansu da komawarsu ba za ta yi yawa ba. Samarin da aka sallama su ne Beatles.

EMI ne ya kwashe su daga baya, shi ma a yaba masa daidai gwargwado. Manyan rassansa sun riga sun ƙi su. Wanda ya karɓe su shi ne George Martin na Parlophone, ƙaramin reshen da aka fi sani a lokacin da fayafayan barkwanci. Da yaran suka fara girgiza Ingila a 1963, Capitol, wanda shi ne reshen EMI ɗin a Amurka, ya saurari waƙoƙinsu ya ce ba za su karɓu a can ba, sai aka miƙa su ga ƙananan kamfanoni, Vee-Jay da Swan. Kafin watan Afrilun 1964 ya fita, waƙoƙin Beatles ne suka riƙe matsayi na ɗaya har zuwa na biyar a jerin waɗanda suka fi kasuwa a Amurka, a mako guda.

Wannan baiwa gado ce. Lokacin da kiɗan rok ya ɓullo a Amurka cikin shekarun 1950, daga majami'u da gidajen rawa na baƙaƙen fata da kuma kiɗan talakawan Turawa na karkara, manyan kamfanoni sun gane shi nan take: hayaniyar yara ce, gobe ma ba za a tuna da ita ba. Mitch Miller, wanda ke zaɓar wa Columbia mawaƙa, bai ɓoye ƙyamarsa ba, ya faɗe ta a bainar jama'a, ya kuma tsare ƙofar kamfanin shekara da shekaru don kada ƙurar ta shigo. Decca na Amurka ya ɗauki Bill Haley a 1954, amma da ya yi "Rock Around the Clock" sai aka maka ta a bayan faifai, gefen da ake ajiye waƙar cike gurbi. Sai da wani fim ya sa ta a 1955, matasa suka yi ta tururuwa, sannan kamfanin ya tuna ashe dukiya ce a hannunsa. Sauran wahalar ƙananan kamfanoni ne suka sha ta: Sun a Memphis, Chess a Chicago, Specialty a Los Angeles, Atlantic a New York. Su suka shiga lunguna, su suka yi asarar kuɗin gwaji. Da abu ya tabbata, sai RCA ya zo a Nuwamban 1955 ya sayi kwantiragin Elvis Presley daga hannun Sam Phillips na Sun kan dala 35,000. Babba ba ya gwaji, jira yake a gwada masa.

Da kuka iso Najeriya ba ku baro kunnen a gida ba. Prince Nico Mbarga ya kai wa EMI wata waƙa da ya yi wa uwa, aka saurara, aka mayar masa da kayarsa, kuma abin da ake ruwaitowa shi ne an ce ta yi yarinta. Wani ƙaramin kamfani a Anacha, Rogers All Stars, shi ya fitar da ita a 1976. "Sweet Mother" ke nan, wadda ta zaga Afirka aka sayar da miliyoyin fayafayanta, aka taka ta har a garuruwan da ba a jin Turanci. Wanda ya yi kuskure sau ɗaya, a ce tsautsayi ne. Wanda ya maimaita shi a nahiyoyi uku ba tare da ya taɓa sauya hali ba, wannan ya kai a kira shi gwani.

To amma kunne ba shi ne babbar baiwarku ba. Inda ba ku da na biyu shi ne tattali. Kowane manomi a Zinyau ko Kibiya ya san mutumin nan da ke zuwa a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, ga yaro ba lafiya, ga dawa ko kai ba ta fitar ba. Yakan zo da fara'a, kuɗi a hannu, ya ba da kuɗin buhu ɗaya, da kaka ya dawo ya kwashi biyu. Bai yi sata ba, bai yi ƙwace ba, da yardarka aka yi, har godiya ka yi masa ka raka shi bakin ƙofa. Shi dai kaka ɗaya yake ci ya ƙyale ka. Ku kuwa kun ɗauki wannan sana'a kun kai ta inda bai taɓa mafarki ba: ku sayi waƙa sau ɗaya a hannun mai jin yunwa, ku yi ta girbinta har jikokinsa su yi furfura.

Little Richard wanke-wanke yake yi a tashar mota a garin Macon kafin ya yi "Tutti Frutti" a 1955. Haƙƙin mallakar waƙar ya tafi kan dala 50, kuma a kowane faifan da aka sayar rabin santi ne nasa. Big Mama Thornton, wadda ta fara rera "Hound Dog" ta kuma kai ta ƙololuwa a jerin waƙoƙin baƙaƙen fata a 1953, ta ce dala 500 ce kaɗai ta taɓa shiga hannunta a kanta. Ta rasu a 1984 a gidan haya, hannu babu komai. Arthur Crudup ya yi "That's All Right" a 1946, ita ce waƙar faifan Elvis na farko a 1954, shi kuwa mai ita ya koma aikin ƙwadago a gonaki, ya rasu a 1974 yana jiran kuɗinsa. Wasu daga cikin waɗannan cinikayya ƙananan kamfanoni ne suka ƙulla su, waɗanda suka fi ku kunne. A fagen biya dai ku da su makaranta ɗaya kuka yi. Ko Beatles, da suke Turawa 'yan gida, kwantiraginsu na farko da EMI kobo ɗaya ne na tsohon kuɗin Ingila a kan kowane ƙaramin faifai, su huɗu su raba, bayan an cire ladan manaja. Ba ku nuna bambanci ba a nan, Allah ya sani.

Amma wanda ya fi nuna zurfin iliminku shi ne Solomon Linda, Bazulu, wanda ya tsaya gaban makirufon kamfanin Gallo a Johannesburg a 1939 ya yi "Mbube". An ba shi sule goma. Waƙar ta haye teku, aka sake mata riga, ta fito a 1961 da tambarin RCA da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta zama ta ɗaya a Amurka, daga baya ta shiga wani fim na kamfanin Disney. Shi kuwa Linda aikin shirya fayafayai a kwali yake yi a kamfanin da ya sayi muryarsa. Ya rasu a 1962, iyalinsa suka yi shekaru ba su iya sa wa kabarinsa dutsen alama ba. Hausawa da suka ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ba su san za a yi gardawan da ko zuwa filin wasan ba sa yi ba.

Sai tsafta. Fayafayan baƙaƙen fata a Amurka jerinsu daban ne, kuma har zuwa 1949 da sunan launin fata ake kiransu. Da matasan Turawa suka fara leƙa wannan jeri, ba ku yi fushi ba, dabara kuka yi. Duk waƙar da ta yi zafi a can sai a nemo Bature mai tsabtataccen takalmi ya sake rera ta, a rage mata barkono, a kai gidajen rediyon da ba sa sa muryar baƙi. Pat Boone ya ɗauki "Ain't That a Shame" ta Fats Domino a 1955 ya kai ta matsayi na ɗaya, ta mai ita ta tsaya a baya. Ya ɗauki "Tutti Frutti" ma, tasa ta wuce ta Little Richard a jerin da kuɗi yake. Kuna son waƙar, mai waƙar ne ba kwa so a falo, kuma kun samo hanyar raba su ba tare da an zubar da jini ba.

A Legas ɗakin ɗaukar murya na EMI yana Apapa. A 1973 Paul McCartney, ɗaya daga cikin yaran nan da Decca ya sallama, ya zo can don ya ɗauki faifansa "Band on the Run". Ya tarar da na'ura mai layi takwas da kayan aikin da Landan ta riga ta wuce. Shi ya yi mamaki. Mawaƙan Najeriya da suka daɗe suna tara wa kamfanin riba a wannan ɗaki ba su yi ba, domin kun san daidai abin da ya ishi baƙar fata, ba ku ɓata shi da almubazzaranci ba. Duk da haka a ɗakin nan aka yi abubuwan da har yau ake nema ruwa a jallo, kuma in aka duba da kyau za a tarar da hannun wani ma'aikaci ɗan ƙasa, irin su Odion Iruoje, wanda ya ɗauko 'yan makarantar St Gregory's da ake kira Ofege ya fitar musu da faifai a 1973. Jarumtarku kuma ta bayyana bayan sojoji sun ƙone gidan Fela na Kalakuta a Fabrairun 1977. A lokacin da mutum ya fi bukatar abokin ciniki mai tsayawa, Decca ya ja da baya daga fitar da wasu fayafayansa, rigimar kuɗi ta ɓarke, har Fela da mutanensa suka je suka tare a ofishin kamfanin na makonni.

Mu zo gida, inda yabon ya fi yi mini nauyi a ƙirji. A shekarun 1970 Arewa ba ta rasa masu jita ba. A Kano akwai Elcados, suna kaɗa rok a gidajen rawa, kuma EMI ya fitar musu da faifai a 1973 mai suna "This World Is Full of Injustice", wato duniyar nan cike take da zalunci. Da wuya a sami sunan da ya fi wannan dacewa da tambarin da aka buga a kansa. A Jos akwai Sahara All Stars. Ga Bala Miller, ɗan asalin Zariya, da babbar ƙungiyarsa, wanda ya ɗora Hausa a kan jita da ƙahonin Turawa ya nuna cewa harshen nan babu kiɗan da ba ya hawa. A Yamai, Mamman Sani ya zauna gaban ogan ta lantarki a gidan rediyon ƙasa a 1978, ya ɗauki wani irin kiɗa da ya riga zamaninsa, aka buga kaset kimanin 100, shi ke nan.

Wani mai gajeren tunani da ya ga wannan da ya ce ga kasuwa. Da ya lissafa masu jin Hausa daga Kano zuwa Maraɗi, daga zangon Kumasi zuwa Sudan, ya zuba jari, ya nemo yara masu murya, ya jure asarar shekara biyu ko uku kamar yadda Sam Phillips ya jure a Memphis. Ku kun fi shi sanin Bahaushe. Daga kujerunku na Legas da Landan kun riga kun yanke cewa shi mutumin kalangu ne da kakaki, wanda ake ajiyewa a gefe da sunan gargajiya, kiɗan yayi kuwa na mutanen bakin teku ne. Gaskiya mu ma mun sauƙaƙa muku. A garuruwanmu kiɗa sana'ar gado ce ta maroƙa, ɗan malam ko ɗan sarautar da ya rataya jita ya jawo wa gidansu magana, wataƙila ma a hana shi aure. Kun tarar da ƙofa a rufe, kuka nuna ladabi, ba ku ƙwanƙwasa ba. Sai bayan kun tafi, cikin shekarun 1990, samarin Kano suka sami fiyanon Yamaha suka shige 'yan ɗakuna, suka haɗa abin da suka ji a fina-finan Indiya da abin da suka ji a dandali, aka haifi waƙoƙin nanaye da na fim. Kasuwar da kuka ce babu ita, yara marasa jari suka buɗe ta, har yau ba ta tashi ba.

Gargajiyar kuwa kun ɗauki wani abu daga cikinta. Fayafayan Shata da na Ɗanmaraya masu tambarin EMI sun shiga gidaje da shagunan tela da tashoshin mota, kuma in ba don su ba da wasu waƙoƙin sun bi iska. Wannan alheri ne, babu mai musunsa. Kun ma koya wa makaɗi taƙaitawa. Faifan garmaho na farko kimanin minti uku yake ɗauka a gefe ɗaya, babban faifai kuma kimanin minti ashirin. Mutumin da ya saba kwana a fili yana gina waƙa da abin da idonsa ke gani, wa ya shigo, wa ya yi kari, wa ya yi rowa a yi masa zambo, 'yan amshi na biye, kalangu na tsokana, sai ga shi a ɗaki rufe yana kallon hannun Bature ko yaron Bature, in an ɗaga ya fara, in an sauke ya yi shiru. Abin da ya shiga faifai shi duniya ta ɗauka cewa shi ne waƙar.

Wajen biya kuma Allah ya haɗa ku da abokin ciniki irin wanda kowane ɗan kasuwa ke addu'ar samu. Makaɗin Hausa kyauta ya sani: riga, doki, mota, kujerar Makka. Tarbiyyarsa ita ce in ubangida ya ba shi ya yi godiya, kada ya ƙirga a gaban mai bayarwa, kada ya tambayi saura. Ku kuma ciniki kuka sani, rubutacce, da Turancin lauyoyi. Shi yana ganin an yi masa alheri, ku kuna ganin kun sayi kadara, kowa ya tashi da farin ciki. Fayafayai nawa aka buga na makaɗan Arewa, nawa aka sayar, nawa ya koma hannun mai muryar, nawa ya isa ga mai kalangun da 'yan amshin da ko sunansu ba a cika rubutawa a kwali ba? Kun riƙe wannan lissafi da amana, kun bar kaza cikin gashinta.

Mu a nan kuwa kun hutar da mu gaba ɗaya. Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, fadarta na da makaɗanta tun kafin a ƙera garmaho. A farkon shekarun 1970, zamanin Gwamna Audu Baƙo, manyan injuna sun iso yankin nan suka gina madatsar ruwa ta Tiga, wato hanya ba ta gagari mai niyya ba. Rikoda dai ta fi katafila sauƙin ɗauka. Amma ba irin muryoyinmu kuke nema ba. Masu gangar noma da ke bin gayya suna zuga samari har rana ta karkata, masu kalangun da 'yan mata ke yi wa gaɗa a dandali, masu kukuma na ranar kasuwa, makaɗan maharba da na mahauta, matan da ke kifa ƙwarya a ruwa ranar suna, da waɗanda ke waƙa a kan dutsen niƙa da asuba suna faɗa wa kishiya da miji abin da ba ya faɗuwa da rana: duk waɗannan ba su da ubangidan da zai sayi faifai ɗari ya raba, don haka ba su da amfani. Injin niƙa ya zo ya kashe waƙar niƙa. Siminti ya zo ya kashe waƙar daɓe. Tsofaffin da suka san su sun tafi ɗaya bayan ɗaya, kuma yau in yaro ya tambayi yadda kakarsa take rerawa, babu abin da za a kunna masa. Ɗan abin da ya tsira na kiɗan Hausa irin wannan, a ma'ajiyar Rediyon Kaduna da Rediyon Kano yake, da hannun manazarta irin su David Ames da ya yi ɗauka a ƙasar Zazzau a shekarun 1960, da Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ya bi makaɗa gida-gida yana rubuta tarihinsu. Mutanen da ba riba suke nema ba su suka yi aikin, ku kuma kuka tsare mutuncinku ba ku sa hannu a abin da ba ya kawo kuɗi ba.

Sanin lokacin tashi ma ilimi ne. Kaset ya zo, masu kwafar sata suka cika kasuwa, tsarin tattalin arziki na SAP na 1986 ya durƙusar da naira, kayan buga faifai suka yi tsada. Mawaƙan da suka yi shekara ashirin suna cika muku asusu suna tsammanin za a zauna a nemi mafita tare. Kafin su waiga kun tattara. EMI na Najeriya ya koma Ivory Music, PolyGram ya koma Premier, Decca ya bar tambarinsa na Afrodisia a hannun 'yan ƙasa. An ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, ku kuwa ba ku taɓa yaudarar kowa cewa don tuwo kuka zo ba.

Ajiya fa? A nan ma ba ku nuna son kai ba, yadda kuka kula da na Afirka haka kuka kula da na gida. Ranar 1 ga Yunin 2008 gobara ta cinye wata ma'ajiya a Hollywood inda kamfanin Universal, wanda Decca ke hannunsa kuma daga baya ya haɗiye EMI a 2012, ya ajiye ainihin zaren ɗaukar waƙoƙi masu ɗimbin yawa. Sai a 2019 jaridar New York Times ta fallasa girman asarar, kamfanin kuma ya ce an zuzuta. Shekara goma sha ɗaya mawaƙa da magadansu suna barci lafiya, ba ku tayar musu da hankali da mummunan labari ba. A shekarar 2008 ɗin ce wani ƙaramin kamfani a Ingila, Soundway, ya tattara tsofaffin waƙoƙin rok na Najeriya ya sake fitar da su, har da ta Elcados. A 2013 wani ƙaramin a Amurka, Sahel Sounds, ya nemo Mamman Sani ya fitar da kaset ɗinsa na 1978. Yanzu ɗan Kano da ke son jin abin da aka kaɗa a garinsu shekaru hamsin da suka wuce, sai ya bi ta Landan.

Malami nagari da almajiransa ake gane shi, ku kuwa kun bar almajirai. Da kasuwar kaset da ta fim ta koma Ƙofar Wambai, wasu 'yan kasuwa sun nuna sun haddace darasin: a sayi aikin yaro kacokan ranar da kuɗin haya ya matsa masa, a buga iyakar abin da kasuwa za ta ɗauka, in ya dawo tambaya a ce kaya ba su tafi ba. Bayansu masu tura waƙa a waya suka zo, a kowace kasuwar ƙauye akwai mai kwamfuta a ƙarƙashin laima da zai cika maka katin waya da gumin mutum ɗari kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Shi aƙalla ba ya sa kowa dangwala yatsa a takarda. Ku kuma da kiɗan samarin Legas ya ci duniya da ƙarfin kansa, sai ga ku kun dawo da fara'arku. Universal ya buɗe ofis a Legas a 2018, a 2024 ya sayi kaso mafi tsoka na kamfanin Mavin. Irin zuwan da RCA ya yi wa Memphis a 1955 ne, ko sawun bai sauya ba. A 2020 Hamisu Breaker ya yi "Jaruma", matan aure da 'yan mata suka taka ta daga Kano har inda duk Bahaushe yake, babu ɗayanku da ya gano shi. Ranar da lissafin Arewa ya cika a idonku za ku zo, na tabbata, kuma yaron da ke haɗa kiɗa a wani shago a Rano zai ga takarda mai shafi talatin a gabansa a makon da ya fi bukatar kuɗi.

Kada a ce ba kwa biya. Kuna biya, haƙuri kawai ake bukata. Iyalan Arthur Crudup sun fara ganin kuɗi bayan an binne shi. King Sunny Ade ya fara rigima da African Songs, kamfanin 'yan ƙasa da ya koyi aikin da kyau, a 1974, kuma a 2015 wata babbar kotun tarayya a Legas ta yanke cewa a biya shi naira miliyan 500, bayan shekara arba'in da ɗoriya. 'Ya'yan Solomon Linda sun sami sulhu a 2006, bayan wani ɗan jarida, Rian Malan, ya tono labarin a 2000, lauyoyi kuma suka shigar da ƙara. Shekara 44 ke nan da rasuwar mahaifinsu, shekara 67 da karɓar sule goman. Su sun yi sa'a, waƙarsu ta shiga fim ɗin Disney, duniya ta ji kunya. In akwai mai kukumar da ya tsaya gaban makirufonku a 1975, ya dangwala yatsa a takardar da ba a ba shi kwafinta ba, to a bisa wannan lissafi jikokinsa na iya fara sa rai a 2042, in sun sami takardar.